Irmiya Mai Binne Turame

Shekara goma sha biyu ke nan rabona da barcin bayan asuba, kuma laifin mutum ɗaya ne. Sunansa Irmiya, maƙwabcina ne a nan Gummi, katanga ɗaya ta raba mu. Da na dawo daga masallaci na miƙe a kan tabarma, sai in ji shi da matarsa Tabita sun fara 'yar waƙarsu ta addu'a ƙasa-ƙasa, don Kiristoci ne. Waƙar ba ta taɓa damuna ba, har takan sa ni gyangyaɗi. Abin da ke biyo bayanta ne fitinar. Kwas, kwas, kwas, gizago a jikin gungumen ƙirya, tun gari bai gama wayewa ba har rana ta yi zafi. Ranar Lahadi kaɗai nake samun sa'ida, ita ma sujadar coci ce take ɗauke mini shi, ba tausayina ba.

Turmi yake sassaƙawa. In ya gama ɗaya, sai ya ɗaure shi a bayan tsohon babur ɗinsa da igiyar roba, Tabita ta matsu tsakaninsa da turmin, su kama hanyar Bukkuyum. La'asar sai ga su sun dawo buɗu-buɗu da wani turmin a baya, tsoho, baƙi, an naɗe shi a buhu. Wannan ba ya shiga gida. Can bayan gari yake wucewa da shi, wani fako nesa da rijiya da gona, ya faskara shi da gatari ya binne. Sabon da ya bayar kuwa kyauta ne. Muciya da taɓarya da akushin da yake kaiwa kasuwa su ke ci da gidan. A gari ana ce masa Mai Binne Turame, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin cewa akwai abin da ya taɓa masa kai.

Masu karatu, jinjina na zo yi, amma gara in faɗa tun yanzu, da haushi a raina na ɗauki alƙalami. Hannun daman mutumin nan rawa yake yi, likita ya ce ya ajiye gizago. 'Yan'uwansa na ƙasar Zuru sun turo mota sau biyu a kwashe shi ya je ya huta, sau biyu motar ta koma da direba kaɗai. Mutanen cocinsu sun shirya masa taron ban kwana da aiki, ya je ya ci shinkafarsu, ya yi godiya, washegari da asuba na ji kwas, kwas. Tunda ba ya jin magana, bari a rubuta masa, ko ya ji kunyar takarda.

Irmiya ba a gidan sassaƙa ya tashi ba. A shekarar 2010 injin niƙa gare shi a wani ƙauye kusa da Tungar Guru, gidansa kaɗai ne na Kirista a garin, kuma babu gidan da ba a tuƙa tuwo da garin injinsa. Sai zinariya ta ɓulla. Maza suka jingine fartanya suka koma haƙa, aka riƙa kawo duwatsu buhu-buhu ana niƙawa a injin da ake niƙa dawa. Wanda ba ya son a ga abin da ya samo kuma, sai ya shige da dutsensa cikin gida ya daka a turmin matarsa, babu idon kowa. Irmiya ma ya yi haka. Ba ƙazanta ba ce, wallahi. Duk ranar da ya daka, sai ya wanke turmin da sabulu, ya dirje shi da toka, ya kife shi a rana. Da safe Tabita ta surfa gero a ciki, ta dama wa 'yarsu Murna kunu. Ita kaɗai Allah ya ba su, bayan dogon jira.

Sai yara suka fara faɗuwa. Amai, kasala, daga nan yaro ya sanƙare idonsa ya juye. Aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce, aka ce wani ne ya yi wa garin baki. Kafin likitoci su iso su gwada jini su ce gubar dalma ce da ke cikin duwatsun, an yi ta binne yara a garuruwa da dama, kuma Murna na cikinsu. Aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta tsaya a kan turmin Tabita, ta sa tsinke a tsagar itacen, ta nuna wa Irmiya wata ƙura mai ɗan ƙyalli. Ta ce masa itace shanye ta yake yi, ko za a shekara ana wankewa ba ta fita duka. Irmiya ya daɗe yana kallon bakin tsinken. A nan ya gane ta hannun da abin ya bi ya kai ga 'yarsa.

Ya rabu da injin, suka dawo Gummi, nan na san shi. Shekara guda cur yana zaune a jikin katangata kamar buhun da aka manta. Bai shiga coci ba, fastonsu ya yi zarya har ya gaji. Sai daga baya, da muka saba, ya ba ni labarin shekarar.

"Malam Audu, hwaɗa niy yi da Ubangiji," ya ce. "Kullum ina ce mai, ni niy yi laihin, don mi ba ka ɗauke ni ba? Bai amsa ba. Ni ko nic ce tunda ba ka magana, ni ma na bar magana."

Abin da ya tashe shi ba wa'azi ba ne. Wata rana ya raka Tabita gaisuwar mutuwa a wani ƙauyen Anka, ya hangi wata mata ta fito da turmi gindin bishiya tana daka, goyo a bayanta. Ya matso ya leƙa, ga ƙyallin nan a tsagar itace. Ya ce mata don Allah ta daina, ta jefar da turmin nan. Matar ta dube shi sama da ƙasa, baƙo, namiji, yana yi mata katsalandan a daka, ta ce, "To in yar, in daka da mi?" Ta ci gaba da dakanta.

Tambayar nan ta hana shi sukuni. Cikin mako guda ya je wurin wani tsohon masassaƙi mai suna Manu, shi Irmiya ya haura arba'in a lokacin, ya durƙusa ya ce a koya masa. Turminsa na farko na gan shi da idona, a karkace, ko kaza sai ta yi shawara kafin ta sha ruwa a ciki. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya sa wankakkiyar riga ya koma coci. Na tsokane shi, na ce an shirya da Ubangijin ke nan?

"Ba a gama ba tukun," in ji shi. "Amma na gane abu guda. Wanda bai binne ɗiya ba, ba shi leƙa cikin turmi. Ni ina leƙawa ko ban so ba. Almasihun da nika bi ya sha wuya, kuma wuyatai ba ta tahi banza ba. Shi nir roƙa, nic ce tunda ba ka ɗauke man tawa ba, to kak ka bari ta tahi banza."

Ni Musulmi ne, akwai inda ni da shi ba mu taɓa haɗuwa ba a zancen addini, kuma mun daɗe da daina gwadawa. Amma na san magana in daga cikin mutum ta fito.

Aikin da ya ɗora wa kansa ba na mai son zaman lafiya ba ne, kuma mutanenmu ba su sauƙaƙa masa ba. Namiji ba ya shiga gidan aure, don haka Tabita ce idonsa. Ita za ta yi sallama, ta gaisa, ta tambayi yara, ta ɗan karkata ta leƙa turmi. Sannan ga wata al'ada tamu: turmi yana cikin kayan da mace take zuwa da su gidan miji, ranar da aka ga an fito da shi ta zaure, kafin a kai bakin hanya gari ya ɗauka aure ya mutu. Mata da yawa sun gwammace su ci gaba da daka a cikin guba da a yi da su a bakin rijiya. Irmiya ya yi wata biyu ana korarsa kafin ya gano bakin zaren. Yanzu sabon turmi ta zaure yake shiga, rana tsaka, kowa na gani, a ce miji ya yi abin kirki. Tsohon kuma a naɗe shi a buhu a miƙo ta kan dangar baya.

Mutanen hanyar Zugu har yau suna ba da labarin ranar da 'yan bindiga suka tare shi. Allah ya taimaka shi kaɗai ne ranar. Suka mammare shi, suka kwance turmin suka wurgar a gefen hanya, suka tafi da babur ɗinsa na farko. Duk mai hankali in ya tsira da ransa gida yake nufa. Irmiya sai ya yi gammo da rigarsa, ya ɗora turmin ƙirya a ka, ya ƙarasa ƙauyen a ƙafa, leɓe a fashe, wai ya yi wa wata mata alkawarin kai mata shi ranar Talata. Da na ji, na shiga gidansa na zazzaga masa masifa har muryata ta dushe. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce ko zan ara masa kekena.

Kada a ɗauka shi kaɗai nake jin haushinsa. Akwai gidan da ya kai wa sabon turmi, kafin wata ya zagayo maigidan ya daka dutse a ciki, Irmiya ya koma ya sake musanya masa, ko murya bai ɗaga ba. Akwai kuma waɗanda suka zauna a majalisa suka yanke hukunci cewa wayo ne, wai tsofaffin turamen yake tarawa ya kankare zinariyar da ta maƙale a ciki. Mutum ya ba ka sabo kyauta, ya ɗauke maka guba daga tsakar gida, ka ce ɓarawo ne. Kunya take kama ni in na tuna cewa a cikin masu faɗar haka akwai magidantan da ni na koya musu karatu a firamare.

Wanda na gani da idona kuwa, shekara biyu ke nan. Tun da daji ya gagara saboda 'yan bindiga, maza suka daina zama a wurin niƙan dutse da aka keɓe musu a bayan gari, dutse ya sake komowa cikin gidaje kamar ba a taɓa binne kowa ba. A gefen Nasarawa Burkullu akwai wasu 'yan gudun hijira daga yankin Zugu, sun kafa zana sun zauna. A cikinsu akwai Lirwanu da matarsa Sahura, da 'yarsu Zinatu wadda aka yaye ba da daɗewa ba, kunu take sha safe da rana da yamma. Tabita ta shiga gidan ta fito ta faɗa wa Irmiya abin da ta gani. Turmin yana ƙyalli, yarinyar kuma tana kwance lakwas, ta daina wasa, abin da ta sha sai ya dawo. Tabita ta san wannan kwanciyar. Duk kwanon kunun da aka dama daga turmin nan ƙara wa yarinyar guba yake yi, Sahura kuma ta ce turmi ba ya zuwa ko'ina.

Sau huɗu suna zuwa ana sallamar su. A na biyar Irmiya ya ja ni, wai ni tsohon malami ne, Lirwanu zai ji nauyina. Na hau motar kasuwa ina gunaguni, su suka biyo da babur. Muka tarar da Lirwanu a ƙofar zana, matashin magidanci, ƙurar dutse har a girarsa.

"Kai kuma?" ya ce wa Irmiya, ko gaisuwa babu. "Mi ya haɗa ka da turmin matata? An hwaɗa muna abin da kaka yi da turame. In zinariya kaka biɗa, tahi ka gina taka."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Irmiya ya riga ni.

"Ɗana, in ka so, kai za ka gina ramin, kai za ka tura ƙasa, ni ko taɓa shi ba ni yi. Ɗiyakka nika ji."

Lirwanu ya sunkuyar da kai. Ashe shi ma tsoro ne ya cika shi, kwana uku yarinyar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Ya ce shi ya bar daka dutse a gida daga yau, amma turmi ba nasa ba ne, a ji da mai shi. Tabita ta shiga. Zana ce kawai tsakaninmu da su, duk abin da aka faɗa a kunnenmu.

"Inna, don Allah ku bar ni," muryar Sahura ke nan. "Na wanke shi. Kullum sai na wanke shi da ruwan zahi."

"Ɗiyata, wanki bai hid da ita," in ji Tabita. "Ga sabo can mun kawo miki. Ta baya za mu hid da wanga, ba mai gani."

"Ba gani nika tsoro ba. Turmin Innata na. Bisa shi anka zamnar da ita ranar wankan aurenta, bisa shi anka zamnar da ni. Randa anka ƙone garinmu ni na hito, ita ba ta hito ba. Da munka koma bayan kwana ukku, wuta ta ci ɗaki, ta ci rumbu, shi ɗai munka iske tsaye. Ban san kabarinta ba, ko zanenta guda ba ni da shi. Shi za ni ba ku ku hwasa da gatari?"

Na zo da jawabi a bakina, tun a mota na tsara shi, na ji ya watse. Na dubi Irmiya, ina jiran mutumin da ya shekara goma a wannan aiki ya fito da dabararsa. Sai na ga ya zauna a ƙasa ya jingina da zanar.

"Gaskiya gare ki, ɗiyata," ya ce. "Ba ni da irinai in ba ki. Wanga da niz zo da shi itace na kawai."

Na harare shi. Mun sha wannan tafiya duka don ka zo ka ba ta gaskiya? Raina ya ɓaci har na miƙe ina kaɗe riga. A lokacin ne Tabita ta yi magana, Tabitar da a shekara goma sha ɗaya ta maƙwabtaka ban taɓa jin ta ambaci 'yarta ba.

"Nawa ma na Innata na," ta ce. "Mu ma wanke shi muka yi. Sunan ɗiyata Murna. Ranar ƙarshe da tas sha kunu, da hannuna nid daka geron, na dama, na hura shi ya huce. Tas sha, tam miƙo man kwano, tac ce ƙara. Nij ji daɗi, don kwana biyu ba ta ci komi ba. Na ƙara mata."

Irmiya ya rufe fuskarsa da hula, ashe shi ma bai taɓa jin wannan ba. Can muka ji ana mirgino abu mai nauyi a ƙasa. Tabita na cewa ta baya, ta baya, Sahura ba ta saurare ta ba. Ta ƙofar gaba ta fito da shi, rana tsaka, matan maƙwabta na leƙe ta kan zana, ta mirgino shi har gaban Irmiya.

"Su ce aure ya mutu," ta ce. "Baba, abu guda nika roƙo. Kak ka sa mai gatari."

Shekara goma yana faskara kowane turmi kafin ya binne, don kada wani ya tono ya mayar gida. Ranar ya karya dokarsa. Ya yi mata alkawari zai sa shi a rami shi kaɗai, a tsaye, ya zurfafa yadda babu mai kaiwa gare shi. Ya kuma cika, yini biyu ya yi yana haƙa da hannun da tun lokacin ya fara rawa.

Amma kafin nan ya miƙe ya ce turmi ya fita, saura gubar da ta riga ta shiga jini, a kai yarinyar asibiti a Anka yau ɗin nan. Lirwanu ya fara inda-inda, wai motar Anka ta riga ta wuce, sai gobe. Irmiya ya zare makullin babur ɗinsa ya danƙa wa mutumin da ya gama kiransa ɓarawo. Suka tafi, Sahura a baya, Zinatu a tsakiya. Aka bar ni da shi da Tabita da turmin wata mata a bakin hanya cikin rana, ni da gwiwoyina masu ciwo, har wata motar gawayi ta ji tausayinmu.

Gwajin jini ya nuna gubar ta yi yawa ƙwarai. Makonni suka yi a asibiti, yau a aiko da sauƙi, gobe a ce sai addu'a. Ina yi a masallaci, su suna yi a bayan katanga, kowace safiya ina jin sunan Zinatu a bakinsu. Bayan wata guda wani ya dawo da babur ɗin, ya ce sun bar asibiti sun bi dangi wani gari, bai san yadda jikin yake ba. Daga nan shiru. Shekara biyu Irmiya bai san ko ya isa a kan lokaci ko ya makara ba, kuma hakan bai hana shi fita ba.

Irmiya, kai ne mutum mafi taurin kai da na taɓa zama kusa da shi, kuma na koyar da 'yan aji shida shekara talatin. Kai ne aka jarraba da irin baƙin cikin da ke kwantar da mutum, ka yi shekara kana kokawa da shi, sannan ka miƙe ka mayar da shi sana'a. Ba ka taɓa yi mini dogon wa'azi a kai ba. Na taɓa tambayar ka ko kana ganin don a ceci 'ya'yan wasu aka ɗauke taka, ka ɓata rai ka ce kai ba ka san wannan ba. Ka ce da za a ba ka zaɓi, 'yarka za ka ɗauka a bar wa wani aikin. Amma ba a ba ka zaɓi ba, abin da ya rage a hannunka ne kawai za a tambaye ka me ka yi da shi. Ke kuma Tabita, ke ce kika shiga gidajen da shi ba ya iya shiga, kika ga kwanciyar 'yarki a jikin 'ya'yan wasu sau ba adadi, kika fito kika sake hawa babur. Mu da muka zage ku da mu da muka yi shiru ana zagin ku, duk mun gode. Allah ya saka muku da alheri.

Ku kuma 'yan'uwana na Anka da Gummi da Bukkuyum, na gaji da jin ana cewa Allah sarki Irmiya, a kaɗa kai a wuce. Hannun mutumin nan ya kusa ƙarewa, kuma har yau babu mutum ɗaya, a masallaci ko a coci, da ya je ya durƙusa ya ce a koya masa. Wanda ba zai iya sassaƙa ba, ai zai iya hana dutse shiga gidansa. Wanda kuma ya taɓa binne nasa, ya san wani abu da sauranmu ba mu sani ba, don Allah kada ya kulle shi a ɗaki.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan kuwa, ranar Alhamis ɗin makon jiya ne ya faru. Da hantsi na ji sallama a ƙofar Irmiya, na leƙa in ga wa ya kawo masa ƙara. Lirwanu ne da Sahura, da kaza a hannu. A tsakaninsu wata yarinya ce da jan ɗankwali, tana tafe da ƙafarta. Maganarta tana da ɗan nauyi, sai an jira ta, amma da uwarta ta ce, "Zinatu, gai da Baba," ta durƙusa ta gaishe shi.

Irmiya ya tsaya yana kallon ta kamar wanda ya manta Hausa.

"Shekarunta nawa yanzu?" ya tambaya.

"Damina huɗu tag gani, Baba," in ji Lirwanu. "Mai zuwa ita ta ta biyat."

Irmiya ya juya ya nemi matarsa da ido. Tana tsaye a ƙofar ɗaki.

"Kin jiya?" ya ce mata. "Ta wuce Murna. Murna ba ta ga ta ukku ba."

Ni kuwa da na zo leƙe, na koma gidana da sauri, don ban so su ga tsohon malamin makaranta yana kuka a ƙofar mutane ba.